Kada ku sa wa $1 alamar zance

[Allo: gwajin burauzar Chromium ya faɗi, jan rubutu ya cika fuska.]

Wannan jan rubutun da kuke gani, sunan Mu'azu ne ya jawo shi. Da C++ aka rubuta gwajin, shafin kuwa JavaScript yake ji, don haka dole a cusa sunan cikin umarnin da za a aika masa. Mai gwajin ya ɗauko StringPrintf, abin da ke zuba rubutu a cikin wani rubutu, ya liƙa sunan tsakanin alamun zance masu ƙwaya ɗaya. Da burauza ta iso kan alhamzar nan, sai ta ɗauka magana ta ƙare a Mu, ragowar azu kuma ta rasa inda za ta kai shi.

Maganin na cikin fayil ɗin Chromium mai suna browser_test_utils.h, sunansa JsReplace. Ku bar gurbi da $1 da $2, ku jera abin da za a zuba a bayansu, ku miƙa wa ExecJs ko EvalJs, masu aika umarnin zuwa shafin. Rubutu, lamba, adireshin intanet na GURL, duk JsReplace yana karɓa.

[Allo: layi biyu, ɗaya a kan ɗaya.]

To, ku dubi layin ƙasa da kyau, nan ake tuntuɓe. Hannu ya saba, sai mutum ya kewaye $1 da alamun zance masu ƙwaya ɗaya. Kada ku yi. JsReplace da kansa yake mayar da sunan zuwa tsarin JSON, wanda JavaScript ke ganewa, ya sa masa alamunsa masu ƙwaya biyu, ya kuma tsare duk harafin da zai iya ɓalle umarnin. In kuka ƙara naku, an ɗora hula a kan hula.

Abin haushin shi ne ba kullum yake ihu ba. Da Mu'azu, nan take zai fashe, gara ma haka. Amma ku gwada Musa.

[Allo: taken shafi ya fito "Musa", har da alamun.]

Umarnin ya wuce lafiya lau, sai dai alamun sun shige cikin sunan. Can gaba gwaji zai ce Musa bai yi daidai da Musa ba, ku yi ta zare ido kuna neman bambanci.

Sauran kayan gwajin burauza ma suna da tasu hanyar miƙa suna: masu Selenium, naku arguments[0] ne. Masu Playwright, ku miƙa shi a gurbi na biyu na page.evaluate. Ni dai da na ga alamar tarawa ana haɗa umarnin JavaScript da ita, a nan nake fara bincike.

[Allo: an goge alamun biyu, gwaji ya koma kore.]