Na dawo Jos da littafin 1978, Auta ya ce makashi yake so

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Kun ga wannan hular sanyin a kaina? Kada wani ya ce har yanzu ina Mancesta. Jos ce wannan, tsakar gidanmu, kwana uku ke nan da saukata. Na baro hunturun Ingila ina murna zan sha rana, Disambar Jos ta ce ban isa ba.

Waɗanda suka saba kallona sun san duk daren Alhamis ina zuwa wani shago can inda muke buga Dungeons & Dragons, tsohon samfuri. Ga sababbin zuwa: wasa ne na zama a tebur, kamar tatsuniya, amma masu cewa "ta zo mu ji ta" su ne mutanen cikin labarin. Mutum ɗaya ke jan ragama, kowa na da gwarzonsa a takarda, dayis, irin wanda ake jefawa a ludo, ke yanke hukunci. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Littafin nan da ke hannuna, Players Handbook na 1978, na hannu na saya, dubi yadda gefensa ya cinye. Allah ya sa a jakar baya na sa shi, don babbar akwatina har yau kamfanin jirgin na cewa tana hanya, kuma duk dayis ɗina masu fuska ashirin da goma suna ciki. Saboda haka mun yashe na ludon yaran gida guda uku. Don ƙera gwarzo sun isa.

Auta, ɗaga wa mutane hannu. Tun a mota yake damuna, wai shi makashin haya yake so, irin na wasan kwamfuta, mai baƙaƙen kaya da rufe fuska, yana dira daga saman soro. Na ce masa a tsohon tsari ba a zaɓe kafin jifa. Za ka jefa dayis uku sau shida a jere: ƙarfi, basira, hikima, zafin nama, juriya, farin jini. Abin da ya fito shi ne rabonka. Makashi kuwa littafi ya ce sai da ƙarfi 12, basira 11, zafin nama 12. Na zauna na lissafa, da dayis uku wajen mutum ɗaya cikin goma sha huɗu ne ke haye duka ukun.

Na farko ya fito da ƙarfi 7. Na biyu zafin nama 8, wanda ko kaza ba zai kama ba. Akwai hanya mai sauƙi a littafin mai jan ragama na 1979, a jefa huɗu a yar da ƙaramin, na yi masa tayi. Ya ce, "A'a Yaya, yadda kuke yi can haka zan yi." To, mun kai takarda ta shida. Matso da kyamarar nan. Ƙarfi 13, basira 12, hikima 9, zafin nama 15, juriya 10. Saura farin jini. Ɗaya, biyu, biyu. Biyar!

Auta ya ɓata rai, ni kuwa dariya har da hawaye, don na san abin da ke shafin. A jadawalin farin jini an rubuta cewa wanda ya samu 5 ko ƙasa da haka ba abin da zai iya zama sai makashi. Wato mai baƙin jini irin wannan, ba sana'ar da za ta karɓe shi sai wannan. Abin nema ya samu, amma ta ƙofar baya.

Muna cikin haka na karanta masa farashi. Sabon shiga, idan aka ba shi aikin kawar da talaka marar muƙami, mafi ƙarancin ladansa zinare 50 ne. Yana da izinin amfani da guba. Ashe Umma na bakin madafa tana jin komai. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, sai dai na ji, "Kai wannan, me nake ji haka? Kuɗin kashe wa? Gubar me?" Na kashe kyamara na ɗan lokaci, shi ya sa kuka ga hoton ya yi tsalle. Ban ga laifinta ba. Wanda ya zauna a garin nan lokacin rikicin 2001 da 2008 da 2010 ba ya jin kalmar kisa a tsakar gidansa ya wuce. Na nuna mata takarda da fensir da dayis ɗin ludo, na ce, "Umma, tatsuniya ce, kamar yadda Gizo ke cutar mutane mu yi dariya." Ta ce Gizo ba ya karɓar kuɗi. Ta koma ciki, ta aiko mana da shayi da soyayyen dankali, amma ta ce kada ta ji an sa sunan wani mai rai. Na ce an gama.

Kuma ba ita kaɗai makashi ya dama ba. Lokacin da makashi ya fara fitowa a ƙarin littafin Blackmoor na 1975, ɗan ba-ruwanmu ne, ba nagari ba mugu. A 1978 aka ce dole ya zama mugu. Da aka sake buga wasan a 1989, sai aka cire shi gaba ɗaya daga babban littafi.

Yanzu ga inda na fi so. Na ce wa Auta ya manta da baƙaƙen kaya. Mutum ya shiga kasuwar Taminus a rufe da fuska, taku nawa zai yi kafin a taru a kansa? Ƙarfin makashi a littafin nan ɓad-da-kama ne. Idan ya yi shigar wani, damar a gane shi kashi 2 ne cikin ɗari a rana, ko ya yi shigar mace ko wani jinsin halitta ba ta wuce kashi 8. Amma ya zare wuƙa mai guba a gaban mutane, duk zagayen faɗa damar a lura na ƙaruwa da kashi 10, daga nan sai ihu da dogarai. Dabarun ɓarawo kuwa, hawa katanga da buɗe kwado, yana bayan ɓarawon gaske na cikin wasan da matakin ƙwarewa biyu. Don haka na tambaye shi: wa ke shiga kowane gida ba a tambaye shi?

Ya ce mai ruwa. Ɗan kawunmu ya ce almajiri. Sai Auta ya yi shiru, ya shafa ƙeyarsa, ya ce, "Wanzami."

Jama'a, shekara huɗu ina wasan nan da Turawa, ban ji tunani irin wannan ba. Mutum mai rataye da zabira, ciki aska da ƙaho da sabulu, ana kiran sa suna, ana kiran sa fada, hakimi da kansa ke miƙa masa wuya ya lumshe ido. Dokar kuwa ta ce idan makashi ya shammaci mutum, sabon shiga a kan ƙaramin abokin gaba yana da kashi 50 na gamawa da shi nan take. Wace shammata ta wuce wannan? Farin jini 5 ma ya zauna daidai: wanzamin da ba ya hira, ba ya dariya, ana kiran sa ne kawai don hannunsa ba ya rawa. Muka sa masa suna Ɗan Zabira.

Kuɗin farawa jifan dayis biyu ne a ninka da goma, ya samu zinare 70. Rigar fata 5, wuƙa 2, sauran ya ce a bar masa, garin kaya kada a gane shi. Na gaya masa matakai 15 ne kacal, na ƙarshe ana ce masa Kakan Makasa, kuma ko na 14 ba a hawa sai an kawar da mai kujerar. Ya ce ba ya sauri.

Saura abu ɗaya, yawan ransa, wato bugun da zai iya jurewa kafin ya mutu, dayis guda. Jefa, Auta. Biyu! Bugu ɗaya na sanda ya isa. Dama an ce wanzami ba ya son jarfa, to kai kam ko ƙwarzane kada ka yarda. Gobe bayan Isha za mu fara, in akwatina ta iso. In ba ta iso ba, za mu rubuta lambobi a takarda mu zuba a hular nan. Auta, miƙo flas ɗin, shayina ya huce.