Matar da ta fitar da mai gidanta daga Hasumiyar Landan

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Scotland, shekaru ɗari uku da suka wuce, gidan wani basarake mai suna William Maxwell, wanda ke riƙe da sarautar Earl na Nithsdale, na biyar a jerin masu wannan sarauta. Gidansu na gado yana Terregles, kusa da garin Dumfries. Sai dai tun da farko zan faɗa muku ra'ayina: sarautar ta mijin ce, amma wadda ta ceci gidan ita ce matarsa, Winifred Herbert.

Sun yi aure a Faransa a shekarar 1699. Dukansu mabiya ɗarikar Katolika ne, a zamanin da doka ta hana ɗan Katolika hawa gadon sarautar Birtaniya. Wannan doka ce ta sa aka tsallake James Stuart, ɗan sarkin da aka kora a 1688, aka ɗauko George na Ɗaya daga Hanover ta ƙasar Jamus a 1714. Da magoya bayan gidan Stuart suka tayar da bore a 1715, Maxwell ya bi sahu. Boren bai yi nisa ba. A watan Nuwamba aka ritsa da su a garin Preston, suka miƙa wuya, aka tasa ƙeyar manyansu zuwa kurkukun Hasumiyar Landan. Maxwell ya amsa laifin cin amanar ƙasa, ya roƙi sassauci, aka yanke masa hukuncin fille kai ranar 24 ga Fabrairun 1716.

Da labarin kama shi ya iso gida, Winifred ba ta zauna kuka ba. Ta tattara takardun mallakar filayen gidan ta binne su a lambu, sannan ta kama hanyar Landan, tafiyar sama da kilomita 500, a tsakiyar hunturu. Inda dusar ƙanƙara ta hana keken doki wucewa, sai ta hau doki. A Landan ta kutsa fada da takardar koke, ta zube gaban sarki George. Ya ƙi karɓa. Ta riƙe gefen rigarsa, ya ci gaba da tafiya yana jan ta a ƙasa har sai da fadawa suka ɓamɓare ta. 'Yar babban gida ce fa, mahaifinta basarake ne na Powis, amma ranar ta ajiye girmanta gaba ɗaya.

To, da roƙo ya ƙi, sai dabara. A yammacin 23 ga Fabrairu, ana gobe za a zartar da hukunci, ta je yi wa mijinta sallama tare da mata biyu, wata Misis Morgan da wata Misis Mills, ga kuma wata baiwar Allah mai yi mata hidima, Cecilia Evans, tana jira a waje. Ta riga ta raba wa masu gadi 'yan kuɗi, ta ce musu ana sa ran afuwa, don haka suka saki jiki. Misis Morgan ta shiga sanye da mayafi biyu, ta bar ɗaya. Misis Mills, mace doguwa mai jiki, ta shiga tana kuka, ta rufe fuska da hankici. Aka yi ta shiga da fita har lissafi ya rikice wa masu gadi. A cikin ɗaki Winifred ta yafa wa mijinta mayafin Misis Mills, ta shafa masa hoda da jan kwalliya don ɓoye gemu, ta fito da shi yana rufe da fuska kamar mai kuka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ta yi bayan haka. Ta koma cikin ɗakin da babu kowa, ta ci gaba da hira, tana magana da muryarta tana amsawa da irin muryarsa, tana kai da komo domin a ji takun sawu. Da ta tabbata ya yi nisa, ta fito ta ja ƙofa, ta ce wa baransa kada a kai fitila, mai gida yana addu'a. Washegari aka fille kan abokan tafiyarsa biyu, Derwentwater da Kenmure. Shi kuwa, bayan 'yan kwanaki a ɓoye, ya fice ta tashar ruwa ta Dover zuwa Calais ta ƙasar Faransa sanye da kayan barorin jakadan Venice. Mun san waɗannan bayanai ne daga doguwar wasiƙar da ita kanta ta rubuta wa 'yar'uwarta Lucy.

Duk da ana nemanta, Winifred ta sake komawa Scotland ta tono takardun nan. Tun a 1712 Maxwell ya mallaka wa ɗansu William filayen gidan a rubuce, kuma wannan ne ya sa da gwamnati ta ƙwace sarautar, gadon bai salwanta ba.

Masu ba da labarin kan tsaya a nan, inda ya fi daɗi. Amma sauran rayuwarsu ba ta yi daɗi ba. Sun zauna a birnin Rum, a fadar gudun hijira ta James Stuart, cikin ƙuncin kuɗi da bashi, domin Maxwell mutum ne da hannunsa ba ya riƙe kuɗi, kuma wasiƙunta na cike da wannan damuwa. Ya rasu a 1744, shekaru 28 bayan ranar da aka sa za a kashe shi. Ita kuma ta bi shi a 1749, can a Rum, ba ta sake ganin Terregles ba.