Laccar fitilar LED da rainon shuka a ɗaki

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, malamai, ƴan uwa matasa, sannunku da zuwa, na baya kuna ji na dai ko? Toh madalla.

Zan fara da abin da ya same ni da kaina a bazarar da ta wuce. Na zuba irin tumatir a ƴan robobi a ɗakin bayan gidanmu don in raini dashe, saboda a waje zafin watan Afrilu na Katsina kun san shi, ƙaramin tsiro in ya fito da safe kafin la'asar ya kwanta. Na je kasuwa na sayo ƙwan LED fari tas, wanda in ka kalle shi sai ka runtse ido, na rataye shi can kusa da silin. Bayan kwana 10 tsiron ya fito dogo siriri kamar zaren ɗinki, ganyen ƙanana ɗashe-ɗashe, ka hura masa iska da baki sai ya faɗi. Wallahi abin ya dame ni sosai, ga haske ɗaki fal amma shuka yunwa take ji.

Dalili shi ne abin da idona ke kira haske mai yawa, ganye ba haka yake lissafa shi ba. Hasken rana launuka ne a haɗe, waɗanda kuke gani a bakan gizo lokacin damina. Masana suna auna su da nanomita, wato ma'aunin da ke ba kowane launi lambarsa, kuma shuka tana dafa abincinta ne da abin da ke tsakanin 400 zuwa 700. Sinadarin nan da ke sa ganye ya yi kore ya fi zuƙar shuɗi wajen 450 da kuma ja wajen 660. Shi kuwa idon mutum ya fi ganin kore mai ɗan rawaya wajen 555. Toh wannan lumen ɗin da ake rubutawa a jikin kwalin ƙwai don idonmu aka yi shi, ƙwai zai iya cika maka ido ya bar latas ɗinka da yunwa.

Ja shi ne mai ƙarfin aikin, kuma shi ya fi arha wajen cin wuta. Shuɗi yana sa shuka ta tsaya gajeriya kakkaura, ganye ya yi kauri. Shi ya sa kuke ganin fitilun nan masu ruwan hoda a bidiyo, ja ne da shuɗi aka haɗa. Amma ni a ra'ayina, kuma na gwada, mai farawa ya sayi farar fitila mai ɗan ƙarin ja a ciki, don a ƙarƙashin ruwan hodan nan ba za ka gane ganye ya fara rawaya ko ƙwari sun hau shi ba sai ɓarna ta yi nisa. Kuma maganar da ake cewa kore ba shi da amfani ga shuka ba daidai ba ce, wani ɓangare ne kawai ganye ke mayarwa, sauran yana ratsawa ya kai ga ganyen ƙasa da na sama suka yi wa inuwa. Akwai ma wani ja mai nisa wajen 730 da ido da kyar yake ganinsa, in ya yi yawa shuka sai ta ɗauka a inuwa take ta dinga miƙewa tana neman rana.

Af, farin LED ɗin kansa asalinsa shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari mai ruwan ƙwai a sama, ku duba ƙwan da ya mutu a gida za ku ga ɗigo-ɗigon rawaya. Mutanen Japan su uku, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka samo shuɗin LED ɗin har aka ba su kyautar Nobel a 2014. A 2015 kuma ƴan sama jannati suka ci latas ɗin da suka noma da LED a tashar sararin samaniya.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don nan ne gizo ke saƙar. Wat ba ma'aunin haske ba ne, ma'aunin wutar da ƙwai ke sha ne. Tsohon gulob mai zare a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi yake zama, shi ya sa masu kaji ke ɗumama ƴan tsaki da shi. Abin da za ku nema a jikin kwali shi ne maikuromol nawa, wato ma'aunin yawan hasken da shuka ke ci, fitila ke bayarwa a kan kowane jul na wuta, wato wutar da wat ɗaya ke sha a daƙiƙa ɗaya. Fitilar sodiyom mai kyau, irin ta kan titi mai hasken rawaya, tana ba da kamar 1.7, LED mai kyau kuwa 2.5 har zuwa wajen 3. In kwali bai rubuta wannan ba sai dai wat da lumen da manyan baƙi, ni dai ajiye shi nake yi.

Ku ɗauki biro mu yi lissafi tare. Latas a fili mita 1 tsawo mita 1 faɗi tana son kamar maikuromol 250 a daƙiƙa, na awa 16 a rana. In fitilarka 2.5 take bayarwa, 250 raba 2.5, wat 100 ke nan. Wat 100 sau awa 16, yunit 1.6 kullum, a wata ɗaya yunit 48, a kan ɗan filin da bai kai tabarma ba. Kowa ya buga da kuɗin yunit ɗin da yake saya, mai sola kuma ya lissafa faranti da batir da inbata. Tumatir da tattasai masu ƴaƴa kuwa sun fi haka ci nesa ba kusa ba.

Alhali rana tsaka a nan garin tana zubo kusan maikuromol 2,000 kyauta. Don haka duk wanda ya ce muku ku bar fadamar Ajiwa ko Jibia ku koma noman tumatir a ɗaki da fitila, ku ce ya kawo lissafinsa a takarda. Inda na ga amfaninta a wurinmu shi ne rainon dashe lokacin tsananin zafi, sati 3 zuwa 4 a fitar, sai kuma matan da ke cikin gida ba fili, su yi ɗan latas a kanta, da ɗalibai masu gwaji.

Na'am Hajiya, tambayarki nisa nawa za a rataye ta. Wannan shi ne babban kuskuren da na yi. Ƙwai guda in kika ninka nisansa sau biyu, hasken da ke isa ganye yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙaramar fitila ki sauko da ita kamar kamu ɗaya ko biyu a saman ganye, ki sa bayan hannunki a wurin na ɗan lokaci, in kin ji zafi ya dame ki ki ɗaga ta kaɗan. Bangon kuma a shafa masa farar ƙasa ya dinga maido hasken. Kuma da dare ki kashe ta awa 8, shuka ma tana buƙatar duhunta. Ni da na sauko da tawa na sake zuba iri, kwana 20 karan ya yi kaurin tsinken ashana biyu, gindinsa da ɗan gashi-gashi, ka murza ganyen ka ji warin tumatir a yatsa. Alhaji na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu, a miƙa masa abin magana.