Aikin baya: wai me likita yake cirewa ne?

To jama'a, maganar nan da ake ta yawo da ita, wai duk wanda aka yi wa aikin baya shikenan sai keken guragu, yau ita za mu zauna a kai.

Mu fara da ƙasan ƙashin baya. Ƙasusuwan ƙugu guda 5 ne, L1 zuwa L5, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi, ɓawonsa tauri cikinsa laushi. In ɓawon ya tsage sai na cikin ya ɓullo kamar an matse man goge baki, ya danne jijiya, yawanci tsakanin L4 da L5, ko tsakanin L5 da S1, wato ƙashin da ke ƙasan L5. Shi ne zafin nan da ke sauka daga ɗuwawu har tafin ƙafa kamar shokin lantarki. Mafi yawan mutane ma ba sa kaiwa ga wuƙa, cikin sati 6 zuwa 12 abin yakan lafa da magani da motsa jiki.

Yauwa, ga inda ake ruɗewa, ku nutsu. Laka, wadda kowa ke tsoron a taɓa, a babban mutum tana ƙarewa ne wajen L1 ko L2. Ƙasa da nan jijiyoyi ne zara-zara a tare, har likitoci na ce musu jelar doki, kuma wallahi in kun gani sunan ya dace. Wato gurin aikin yana ƙasa da laka. Likita zai yi ƴar tsaga, ya leƙa da madubi mai ƙara girma, wani lokacin ya ɗan fere gefen ƙashi don ya samu hanya, sannan, ku lura sosai, ya ɗan janye jijiyar gefe a hankali, ba yanke ta yake ba, ya zaro ɗan guntun da ya ɓullo. Guntun kawai fa! Sauran faifan yana nan a gurinsa.

Ban ce babu haɗari ba, ciwon na iya ruɓa, rigar jijiyar na iya ɗan tsagewa, faifan ma na iya sake ɓullowa. Kuma ni abin da ya fi damuna, ba a cika faɗa wa mutane cewa aikin ya fi maganin ciwon ƙafa a kan ciwon bayan kansa ba.

Amma in fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓi, wannan ba na jiran sati 6 ba ne, asibiti a ranar.