Kare ko Karya: Wanne Ya Dace da Gidanka?

[Hoto: 'yan kwikwiyo uku kwance a gindin katanga, uwarsu na gefe tana haki]

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, da masu kallonmu duk inda kuke. Waɗannan 'yan kwikwiyo da kuke gani su 6 aka haifa, a wani gida can bayan Birni, maza 3, mata 3. Mazan tun ba su buɗe ido ba aka yi kamunsu, kowa ya zo ya ce a ajiye masa. Matan kuwa ga su nan, yau wata 2 ke nan, ko tayi babu wanda ya yi. Na ce da mai gidan, "Baba, me ya sa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai namiji ake nema don gadi. Karya sai ta tara maka karnukan unguwa a ƙofar gida."

Maganar Baba akwai gaskiya a cikinta, amma ba ta cika ba, kuma ita za mu warware yau. Ku dai kula da rubutun da ke kan allo: karya, macen kare, ba ta da ƙugiya. Mai ƙugiyar, ƙarya, ita ce muke roƙon Allah ya tsare bakinmu da ita.

A ƙasar nan ba a ajiye kare don a kwanta da shi kan gado. Gadi ne, ko farauta, ko rakiyar bisashe, ko tsaron garka. Hadisi ya ambaci farauta da kiwo da noma, malamanmu na Malikiyya kuma sun yi bayani a kan gadin gida. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaidin mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi, kare ya ajiye, aka ce masa ai Imamu Malik bai so haka ba, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. To tunda don aiki ake kiwonsa, sai mu duba wane ne ya fi zama a bakin aikin.

[Hoto: karen Azawak tsaye, ƙafafu dogaye, ciki a shafe]

Mu fara da abin da ido ke gani. Namiji ya fi girma. Ku dubi karen Buzaye, wanda Turawa ke kira Azawak da sunan yankin nan da ke tsakanin Nijar da Mali. A ma'aunin da masu kiwon irinsa suka amince da shi, namiji na kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Mace santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Ratar ke nan, kamar kilo 5. Karnukanmu na cikin gari ma haka abin yake, namiji ya fi faɗin kai da kaurin wuya. Ɓarawon da ya leƙo ta kan katanga cikin dare dai ba sikeli ya zo da shi ba, haushi yake ji ya juya.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne bayan balaga. Tsakanin wata 6 zuwa shekara 1, namiji zai fara ɗaga ƙafa yana fitsari a jikin kowane abu da ke tsaye: turken akuya, tayar mota, gindin bedi, har buhun hatsi idan aka yi sake. Ba fitsari ne ya matse shi ba. Saƙo yake bari, kowane kare da ya biyo ya shinshina ya san wane ne ya wuce. Wannan aikin wani sinadari ne da marainansa ke fitarwa, ana ce masa testosteron. Shi ne kuma ke sa shi tayar da gashin wuya idan ya haɗu da wani namijin, shi ne ke fitar da shi yawo.

Yawon nan na san shi a jikina. Muna yara akwai wani baƙin kare a gidanmu, Duna. Kare mai kunya, ko kaza ba ya kora. Amma duk lokacin da wata karya ta shiga kwanakinta a unguwa, Duna ya daina cin abinci, ya kwana yana kuka yana tonon ƙarƙashin ƙyaure. Wata rana ya haura ta kan tulin bulo ya tafi. Kwana 4 ba shi ba labarinsa. Ranar da ya dawo, kunne ɗaya a yage, haƙarƙari a waje, ya kwanta a zaure kamar wanda ya dawo daga fatauci. A cikin kwana 4 ɗin nan gidanmu ba mai gadi. Wannan shi ne abin da masu cewa namiji ya fi gadi ba sa lissafawa. Karya kwanakinta ƙidayayyu ne a shekara, shi kuwa namiji duk shekara a shirye yake, kuma unguwa ba ta rabuwa da karyar da lokacinta ya zo.

[Hoto: karnuka biyar suna bin karya ɗaya a lungu]

Yanzu ita karyar. Yawanci sau 2 a shekara take shiga lokacin barbara, kusan duk wata 6. Wasu tsofaffin irin Afirka, kamar basanji na ƙasar Kwango, sau 1 suke yi. Karo na farko yakan zo tun tana wata 6 zuwa shekara 1, kuma kowane karo yakan ɗauki sati 2 zuwa 3. Da farko gabanta zai kumbura, ka ga ɗigon jini a ƙasa. A wannan matakin maza na binta amma tana korarsu da cizo. Bayan kamar kwana 9 jinin ya tsinke ya yi fari-fari, sai ta fara tsayawa tana kawar da wutsiya gefe. Da yawa a nan suke kuskure: sun ga jini ya ragu, sai su ce ta gama, su buɗe mata ƙofa, alhali ranakun ɗaukar ciki ke nan.

Wata magana ga yara, da manyan da ke tsayawa kallo. Idan kun ga kare da karya sun manne baya da baya, kada ku jefe su, kada ku zuba musu ruwa ko ku ja su. Wani sashe ne na jikin namijin ke kumbura a ciki, kuma da kansa yake sacewa, daga 'yan mintoci zuwa rabin awa. Rabawa da ƙarfi rauni yake yi musu su biyun, kuma kare mai jin ciwo yana cizon duk wanda ya samu.

Ciki kwana 63 ne, ko ya ɗan gota ko ya ɗan gaza. Abin mamakin shi ne ko ba ta ɗauki ciki ba, jikinta na iya yin kamar ta ɗauka. Wata 1 zuwa 2 bayan barbara sai ka ga nononta ya kawo ruwa, tana tonon rami a bayan rumbu, ta ɗauke takalmin yaro ta kwanta a kansa tana gurnani idan an matso. Mutane su ce ta haukace ko an yi mata wani abu. Cikin ƙarya ne, mai ƙugiyar wannan karon, kuma yakan wuce da kansa cikin sati 2 ko 3. Wanda ba ya wucewa da kansa shi ne idan a daidai waɗannan makonnin ta kwanta, ta ƙi abinci, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa mai wari yana fita daga gabanta. Wannan mugunya ce ta taru a mahaifa, kuma tana kisa. A kai ta wajen likitan dabbobi a ranar.

Idan ta haihu kuwa, karyar da jiya yara ke hawa bayanta, yau tana iya cizon wanda ya miƙa hannu ga 'ya'yanta. Halinta bai lalace ba, jego take. A ba ta lungu mai inuwa, ruwa da abinci kusa, a hana yara zuwa a makonnin farko.

Haka lissafin yake: namiji halinsa kusan ɗaya ne daga Muharram zuwa Zulhajji, matsalarsa tana waje, a kan titi. Karya ta fi zaman gida, sai dai halinta yana da damina da rani. Wanda ya gaji da yawon namiji ya koma kiwon mace ba tare da ya shirya wa kwanakin nan ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Masu son ajiye biyu, ku ji wannan. Maza biyu suna faɗa da hayaniya mai yawa, sau da yawa ɗaya ya sunkuyar da kai a wuce wurin. Mata biyu a gida ɗaya, idan gaba ta shiga tsakaninsu, ta fi wuyar kashewa, kuma raunin ya fi muni. Wanda ya tashi a gidan kishiyoyi ba sai na yi masa dogon bayani ba. Namiji da mace sun fi zama lafiya, sai dai ka san abin da zai biyo baya duk wata 6.

[Hoto: tsakar rana, kare kwance ƙarƙashin amalanke, harshe a waje]

Sai batun kuzari, wanda aka fi tambayata. A nan, gaskiya, ban ga namiji ko mace ya yi wani tasiri da ya kai na shekaru ba. Kare ɗan wata 8, kowane jinsi, ba ya zama wuri ɗaya, ya ci igiya, ya ci takalmi. Ɗan shekara 7 kuwa sai ka tsallake shi a ƙofa bai ɗaga kai ba. Abin da za a ce kawai shi ne mata kan riga maza natsuwa, namiji yakan daɗe yana wasan banza. Ga kuma zafinmu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Damagaram, babu kare mai kuzari da rana tsaka. Kare ba ya zufa kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Wanda ka gani sheme a ƙarƙashin amalanke da azahar, ka dawo bayan isha'i ka gan shi. Shi ya sa mafarauta ke fita da sassafe. Su kuwa ka zauna da su ka ji, wani zai rantse maka karya ta fi naci a bin sawun zomo, wani ya ce namiji ya fi zuciya a bakin ramin gafiya, kowa da karen da yake tunawa.

Masu bincike sun auna abin da ya fi wannan girma. A shekarar 2022 wasu masana a Amurka suka wallafa nazari kan karnuka fiye da 18,000, suka gano cewa irin kare, wato asalin jininsa, kashi 9 cikin 100 kacal yake bayyanawa na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Idan iri guda bai wuce haka ba, kada ka ɗora dukan fatanka a kan kalmar namiji ko mace. Tun kafin nan, wasu masana biyu, Scott da Fuller, sun shafe shekaru suna renon 'yan kwikwiyo, suka nuna cewa daga sati 3 zuwa kusan sati 12 ne ɗan kwikwiyo ke koyon waye nasa, waye abin tsoro. Wanda a makonnin nan ya saba da hannun mutum, da yara, da awaki, da ƙarar babur, zai tashi da natsuwa. Wanda aka yasar a lungu babu mai kula shi sai jifa, zai tashi matsoraci, kuma matsoracin kare ya fi kowane kare saurin cizo.

Anan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su so ba. Al'adar nan ta ɗaure kare da gajeriyar sarƙa yini da kwana, a hana shi ganin mutane wai don ya yi zafi, ba ta haifar da mai gadi. Kare ne take haifarwa wanda bai san bambancin ɓarawo da almajirin da ya shigo bara ba. Na ga maza da aka lalata haka, na ga mata.

Fiɗiya fa? Namijin da aka yi wa, yawanci yawonsa da fitsarin alama da hawan wasu karnuka suna raguwa sosai. Haushin gadi ba ya tafiya. Cizon tsoro ma ba ya tafiya, don ba daga maraina yake ba. Mace kuma aikin tiyata ne, a cire mahaifa da ƙwai, barbara ta ƙare, mugunyar mahaifa ta ƙare, sai dai a kula da abinci don tana saurin ƙiba. Hukuncin wannan wajen malamai za ku ji shi. Abin da zan roƙa shi ne kada a yi dandaƙa a gida kamar ta bunsuru, kuma kada a yi wa karya allurar tazarar haihuwa ta mata. Irin waɗannan allurai suna ƙara haɗarin ciwon mahaifar da muka ambata.

Yawon namiji yana da wani farashi da ya wuce yagaggen kunne. Kare mai faɗa da karnukan da ba a san su ba shi ke ɗauko ciwon hauka ya kawo gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ana yi wa ɗan kwikwiyo rigakafi daga wata 3, a riƙa sabuntawa. Wanda aka ciza, ko aka yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.

[Hoto: an koma gidan farko, hannu yana miƙawa wajen 'yan kwikwiyon]

Mu koma wajen 'yan matan nan uku. Idan ka zo ɗauka, kada ka karɓa kafin sati 8, a gaban uwa da 'yan uwa suke koyon sassauta cizo. Ka fara kallon uwar: ta yi haushi ta tsaya ta dube ka, ko ta ruga bayan rumbu tana rawar jiki? Sannan ka tsuguna ka tafa hannu a hankali. Kun ga wannan mai farin goshin, ta firgita, ta dawo tana shinshina yatsana. Waccan ja ɗin ta ƙi fitowa daga bayan turmi. Ta ukun ko a jikinta, tana can tana fama da igiyar guga.

"Baba, mai farin goshin nan a ajiye mini ita."

"Ka shirya kulle ƙyaure sau biyu a shekara ke nan, ɗana."

Na shirya. Bulon da Duna ya haura ta kansu ma tuni na kwashe su.