Zuciya Ta Tsaya: Abin da Ɗan Sakandare Zai Iya Yi

Mutum na tsaye, sai ya yanke jiki ya faɗi. An kira shi shiru, an girgiza shi shiru. Ba ya numfashi, ko yana jan wani numfashi sama-sama mai kama da minshari. Zuciyarsa ce ta tsaya, kuma cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa za ta fara lalacewa saboda jini bai kai mata ba. Da wuya motar asibiti ta iso kafin nan. Duk wanda ke wurin, ko ɗan sakandare ne, aiki ya hau kansa.

Shi ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a koya wa yara farfaɗo da zuciya tun daga shekara 12, awa biyu kacal a shekara. Denmark kuwa tun 2005 ta wajabta shi a makarantu.

Da farko ka nuna mutum da yatsa: "Kai mai jar riga, kira motar asibiti! Ke, ɗauko AED!" In ka ce wani ya kira, kowa zai tsaya kallon kowa. AED ɗin na'ura ce mai sakar wa zuciya lantarki don bugunta ya dawo daidai.

Sai ka durƙusa, ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a sama, gwiwar hannu a miƙe. Danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kana barin ƙirjin ya taso kafin ka sake dannawa. A kan mutum-mutumin roba ake gwajin, kuma nan ɗalibai suka fi tafka kuskure: lallaɓawa suke, wai kada su karya haƙarƙari. Yakan karye ɗin, amma ai yana warkewa. Danna da ƙarfi.

Na'urar AED kuwa, kana kunna ta za ta fara magana. Manna faifai biyu a kan fata, ɗaya a dama ƙarƙashin ƙashin wuya, ɗaya a hagu ƙasan hammata. Ita za ta auna bugun zuciyar, kuma ba ta sakin lantarki sai ya kamata. In ta ce a ja da baya, kada kowa ya taɓa shi. Da wannan na'ura da dannar ƙirji aka ceto Christian Eriksen, ɗan ƙwallon ƙafar Denmark, lokacin da ya faɗi ana tsakiyar wasa da Finland a 2021.

Na'urar na gama sakin lantarkin, koma kan ƙirjin nan take. In kun kai biyu, ku riƙa karɓeɓeniya duk bayan minti 2, har ma'aikatan lafiya su iso.