Ka karya da safe, ƙarfe goma yunwa ta dawo: ina matsalar take?

Assalamu alaikum, jama'ar Sakkwato. Kwanan nan wata magana na ta yawo a WhatsApp, wai karin kumallo ne ke kawo kasala, wai wanda ya fita da ciki wayam ya fi kuzari. Da yawa sun yarda, don sun gani a jikinsu: mutum ya karya ƙarfe bakwai, kafin goma ya fara hamma, hannu na rawa. Abin da suka ji a jikinsu gaskiya ne, sai dai an ɗora laifin inda ba nan yake ba.

Mu fara da abin da ke faruwa cikin dare. Daga tuwon dare zuwa wayewar gari, awa goma ko fiye, ba abin da ya shiga ciki. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta zuwa hutu. Ita kaɗai tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma sukarin jini ne abincinta. Hanta ce ke ciyar da ita daga ajiyarta, da safe ajiyar ta ja baya. Shi ya sa yaron da ya tafi makaranta bai karya ba, malam na magana shi hankalinsa na wurin mai tallar gyaɗa.

To, ga inda nake so mu tsaya. Ku dubi hannun wannan mai shayin da kyau. Cokalin sukari ɗaya, biyu, uku, ga na huɗu, kuma kowane a tule. Ga madarar gwangwani mai zaƙi, ga farin burodi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci kada ya kai kimanin giram 50 a yini, wato ƙananan cokula 12, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Wannan kofin kaɗai ya cinye kaso mai yawa tun rana ba ta yi zafi ba.

Me ke faruwa a ciki? Sukari da farin burodi ba sa ba hanji wahala, nan da nan sun shige jini. Sukarin jini ya yi sama, jiki ya saki sinadarin insulin da yawa don ya kwashe shi, sai ya faɗo kamar yadda ya hau. Wannan faɗowar ita ce hammar ƙarfe goma. Kamar wutar kara ce, ta tashi bal-bal, kafin ka ɗora tukunya ta zama toka. Cikin nan ya samu zaƙi, bai samu abin da zai riƙe shi ba.

Yanzu ku biyo ni gaban kaskon wannan baiwar Allah mai suyar ƙosai. Ku ji ƙarar man. Ƙosai wake ne, wake kuma na ɗauke da sinadarin gina jiki da kuma dusa, su biyun suna sa abinci ya daɗe a ciki, sukari ya riƙa shiga jini sannu a hankali. Wani abin da ke burge ni: akwai sinadarin gina jiki da gero ke da ƙarancinsa, wake na da shi a wadace; abin da wake ya gaza, gero ya cike. Koko da ƙosai ke nan. Iyayenmu mata sun haɗa su tun kafin a san sunayen sinadaran nan, kuma ni dai har gobe ban ga karin da ya fi shi dacewa da aljihun talaka ba. Sharaɗin ɗaya ne, kada a mayar da kokon ruwan alewa.

Ba ƙosai? Hura da nono, ko fura in ji mutanen Kano, ita ma gero ce da abin gina jiki. Kunun gyaɗa, alale, ɗumamen tuwo da miyar kuka mai daddawa, duk suna riƙe ciki. In ma shayin ne dole, a rage sukari a soya ƙwai; ƙwai ɗaya na da kusan giram 6 na sinadarin gina jiki.

Masu ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, don Allah kada ku bi saƙon WhatsApp ku bar karyawa. Magani a kan ciki wayam na iya kayar da sukari har mutum ya suma. Ku fara tuntuɓar likitanku.

'Yan'uwa mata, musamman masu juna biyu, shayi na rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda shi ke gina jini. Ku ci ƙosanku, ku bari kamar awa ɗaya ta wuce kafin shayin. In akwai lemu ko gwaba a kusa, su ne ke taimaka wa ƙarfen ya shiga jiki.

Kuma kafin a hau babur, a sha ruwa kofi ɗaya ko biyu. Zafin Afrilu a garin nan na wuce digiri 40, wani ciwon kan na hantsi ƙishirwa ce kawai.